Gargaɗi ga masu tsofaffin motoci: damfarar musayar sitiyari

Jama'a, a yi hattara da wata damfara da ke yawo a shafukan saye da sayarwa. Mutum zai ɗora hoton sitiyarin katako mai sheƙi, ya ce ƙirar kamfanin Nardi ne ko Momo na asali daga Italiya, har da mazaunin da ake ɗaura shi a kan sandar sitiyari, wai kowace mota yana shiga. Sai ya ƙara da tayi mai daɗin ji: ka cire naka tsohon ka aika masa, ya rage maka kuɗi. A nan tarkon yake. Sitiyarin da mota ta fito da shi daga kamfani, ko da ya tsattsage, ya fi abin da zai aiko maka daraja nesa ba kusa ba, domin an daina ƙera irinsa, masu gyaran tsofaffin motoci kuma neman sa suke ruwa a jallo. Wani ma da naka ya isa hannunsa, shi ke nan, wayarsa ta mutu.

Maganar "kowace mota yana shiga" ita kaɗai ta isa ta tona masa asiri. Kan sandar sitiyari yana da ƙananan haƙora, kaurin sandar da yawan haƙoran kuwa sun bambanta tsakanin kamfanoni, wani lokaci a mota iri ɗaya daga wannan shekara zuwa waccan. Jabun mazauni da ƙarfe mai laushi ake zuba shi. Zai shiga da ɗan wasa, a matse noti ya yi kamar ya zauna, amma haƙoran suna cinyewa a hankali. Ranar da suka ƙare, kana murɗa sitiyari tayoyi ba sa bi.

Kafin ka biya, ka sa ya auna maka ramukan kusoshi guda 6 na tsakiya, daga tsakiyar rami zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa a ɗaya ɓangaren. Na Momo milimita 70 ne, na Nardi 74. Idan an rubuta Nardi amma awo ya ba da 70, ka ja da baya. Ka kuma nemi hoton bayan sitiyarin tare da takarda mai ɗauke da kwanan watan ranar, don masu jabu a fuska suke ƙare basirarsu, kuma galibi hotunan wasu suka kwaso. In ya zo hannunka, ka danna gefensa da ƙarfi: hannayen jabu sirara ne, suna lanƙwasawa.

Kada ka taɓa naka sai sabon ya iso, ka gwada haƙoran mazauninsa. In za ka cire, ka miƙe tayoyin gaba sak, ka cire kan batir na nagetif, tunda wayar oda tana nan a ƙarƙashin murfi. Ka ɗaga murfin oda a hankali, akwai sifirin da ƙananan abubuwan da ke tsalle su ɓace. Ka ja layi da alƙalamin maka a kan sanda da cibiyar sitiyari don ya koma yadda yake. Sai ka kwance babban noti, amma ka bar shi a kan sanda da zagaye biyu ko uku, domin sitiyari in ya saki da ƙarfi yake tahowa, fuskar mai ja yake nufa. Daga nan ka ɗaura fula, wato ƙarfen janye sitiyari, a ramukan da aka tanada masa, ka riƙa juya kusar tsakiya kaɗan-kaɗan. In ya cije saboda tsatsa, ka fesa man kwance tsatsa, ka bar shi ya kwana.

Waɗannan masu sayarwa kan ce ba sai da fula ba, ka buga sandar da guduma kawai. Su naka suke so ya fito da wuri. Bugu yana fasa kan sandar, noti ya ƙi komawa. Abin da ya fi muni, motocin General Motors tun daga samfurin 1967, da sauran motocin da aka sayar a Amurka daga 1968, sandarsu mai noƙewa ce in an yi karo, kuma a da yawa daga cikinsu 'yan ƙananan turakun roba ne ke riƙe da ita. Guduma tana karya su ba tare da ka gani ba, sai daga baya ka ji sitiyari yana wasa sama da ƙasa.

Wajen biya kuwa, duk wanda ya dage sai ka tura masa kuɗi kai tsaye ta hanyar da ba a iya dawo da su, yana kuma cewa akwai wani mai saye da ke jira yau-yau, ka rabu da shi, ka kai rahoton shafinsa ga masu kula da dandalin.