Tara Ruwan Sama ko Sauya Masai da Famfo: Wanne Ya Kamata a Fara da Shi?

Alhaji, ka ce ginin ofisoshin da kake kula da shi a unguwar Adabraka ta birnin Accra, a Ghana, yana ɗauke da ma'aikata kusan 100, kuɗin ruwa ya yi muku yawa, kuma kana so ka san ko za ka fara da tara ruwan sama ko da sauya kayan banɗaki. A ganina banɗaki ne farko, kuma lissafi ne ya kai ni ga wannan ra'ayi.

Tsohon masai yana sakin kusan lita 12 a kora guda, sabon mai maɓalli biyu kuwa lita 6 ko 3 yake saki. Idan kowane ma'aikaci ya kora sau 3 a rana, tsohon zai ci lita 3,600, sabon kuma wajen 1,200 idan kora ɗaya ta lita 6 ce, biyu kuma na lita 3, wato a kwanakin aiki 250 an tsira da lita 600,000 a shekara. Wannan ragi ba ruwansa da damina ko hunturu, kuma yana da nauyi sosai tunda farashin da hukumar PURC, mai tsara farashin ruwa da lantarki a Ghana, ta yanka wa wuraren kasuwanci ya fi na gidajen zama. Ƙaramar matatar da ake ɗaurawa a bakin famfo ba ta da tsada, tana gauraya ruwa da iska, mai alwala kuma ba zai ji ruwan ya gaza masa ba.

Ruwan sama kuwa ƙa'idarsa ita ce milimita guda a kan murabba'in mita guda yana ba da lita guda. Accra ba ta cika wuce milimita 800 a shekara ba, saboda haka rufin da ya kai murabba'in mita 400 zai tara lita 320,000 a takarda, kafin a cire ruwan farko mai wanke ƙura da kashin tsuntsaye da abin da ke tsiyayewa ta indararo. Babbar matsalar ita ce lokaci: mafi yawansa yana sauka ne tsakanin Afrilu da Yuli, kuma babu tankin roba irin na kamfanin Polytank da zai riƙe ruwan Yuni har zuwa Janairu, lokacin da ruwan famfo na matatun Weija da Kpong masu ba Accra ruwa kan riƙa yankewa, masu sayar da ruwa a tanka kuma su ɗaga farashi. Da a Kumasi ginin yake, inda ruwan sama ya kusa ninka na Accra, da na ba wannan hanya ƙarin maki.

Akwai kuma alaƙa tsakanin hanyoyin biyu wadda mutane ba sa lura da ita. Tanki mai lita 10,000 ba zai kai kwana 3 ba idan tsofaffin masai ne ke sha daga gare shi, amma zai wuce mako guda na aiki idan an sauya su.

Kafin ka kashe ko sidi ɗaya, Alhaji, ka karanta mitar ruwa ranar Juma'a da yamma bayan kowa ya tashi, ka sake karantawa Litinin da sassafe. Idan lambobin sun motsa sosai alhali ginin a rufe yake, to akwai yoyo, kuma sau da yawa robar da ke cikin tankin masai ce ta mutu, ruwa yana silalewa a jikin kwanon dare da rana ba tare da ƙara ba. Mai gyaran famfo zai sauya ta a cikin 'yan mintuna, sai ka sa shi ya duba bawul ɗin tankin sama a wannan zuwan.