Ruwan zafi daga rana: abin da na gani a Saifurus

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan Hajiya da yara suna lafiya. Na ji ginin ya kai linta, shi ya sa na ce bari in rubuto kafin a buga kwano.

Ranar da na sauka birnin Larnaka na ƙasar Saifurus, abin da ya fara ɗaukar idona shi ne saman gidaje. Kusan kowane soro akwai farin tanki a kwance, ƙarƙashinsa gilasai biyu a jingine suna kallon kudu. Na ɗauka solar wuta ce. Ashe ta dafa ruwa ce. A nan fiye da gida 90 cikin 100 da ita suke wanka da wanke-wanke.

Aikinta ba wuya. Bututun jan ƙarfe ne a kan baƙin faranti, an rufe da gilashi. Rana ta buga, ruwa ya yi zafi ya hau tanki da kansa, mai sanyi ya gangaro. Babu batir, babu injin tura ruwa. Tankin a naɗe yake da abin riƙe zafi, don haka ruwan da ya dahu da la'asar da shi nake alwalar asuba. Sai a Janairu da Fabrairu, idan hadari ya kwana biyu, muke kunna hitar lantarki da ke cikin tankin na ɗan lokaci.

Bara mai gidan da nake haya ya canza tamu, mai lita 200. Ya kashe kusan Yuro 1,200 har da kuɗin aiki. Daga baya ya miƙa rasit da takardu, gwamnati ta mayar masa da wani kaso. Mazauna ƙauyukan kan duwatsu da masu ƙaramin ƙarfi nasu tallafin ya fi yawa. Dalilinsu a fili yake: tsibiri ne, layin wutarsu bai haɗu da na kowace ƙasa ba, yawancin wutar da man da ake shigowa da shi a jirgin ruwa ake samar da ita, ga ta da tsada. Cikin 'yan shekaru na'urar ta mayar da kuɗinta, kuma idan an kula da ita tana wuce shekara 15.

Abin da ke ci mini rai, Yaya, ranar Kano ba ta gaza ta nan ba. Amma da hunturu Hajiya sai ta fito cikin sanyin asuba ta hura gawayi, ko yara su tsoma hita a bokiti da jiƙaƙƙen hannu. Mu da an ce sola, sai tunaninmu ya tafi kan batir da inbata na miliyoyi. Tallafi kam kada mu sa rai, amma ko babu shi ta fi ƙarfin kuɗinta, ballantana yanzu da gas da wutar NEPA suka yi tashin gwauron zabo.

Ka gaya wa magini ya zuba ɗan dakali na kankare a sama, don lita 200 kilo 200 ne, ban da nauyin ƙarfen. A tabbata babban tankin ruwan gida ya fi na'urar tsayi. Mai famfo kuma ya ja layi biyu zuwa banɗaki da kicin tun kafin filasta. Ƙurar hunturu tana dusashe gilashin, sai a riƙa gogewa duk mako. Ka tambayo farashi, rabin kuɗin a wuyana.