Kafin ka kashe kuɗi don ƙara wa injin yankan itace ƙarfi

Ka kafa sarƙa a jikin gungume mai kauri, inji ya shiga da zafinsa, yana kaiwa tsakiya sai murya ta dushe, sarƙa ta cije. A nan ne mutum ke fara tunanin abin da zai saya ya ƙara masa ƙarfi. Masu talla kuwa ba su rasa abin nunawa: salansa mai faɗin baki, babbar silinda, sassaƙar ƙofofin silinda, giya mai haƙora takwas. Ba duka ne kwalliya ke biyan kuɗin sabulu ba, kuma wanda ka fara da shi yana iya hana ka buƙatar sauran.

Fara da duban abin da ke zuba a ƙafarka. In gari ne kamar ƙura, laifin ba na inji ba ne. Sarƙa mai kaifi ɓarɓashi manya-manya take zubarwa, kuma ita ke jan kanta cikin itace ba sai ka danne ba. Magagari mai kaurin da ya dace, milimita 4.8 ga sarƙa mai lambar girma .325, milimita 5.2 ko 5.5 ga mai lamba 3/8, ya fi kowane gyara arha. Akwai kuma ɗan tudun nan da ke gaban kowane haƙori, wanda shi ke ƙayyade zurfin cizo. Ya kamata ya yi ƙasa da bakin haƙorin da kimanin milimita 0.65. Mutane da yawa sai su yi ta wasa haƙora har su cinye rabi ba su taɓa tudun ba, sannan su ce inji ya mutu. Wajen sayen sabuwa, sarƙa mai haƙori mai tsinin kusurwa ta fi sauri a itace mai tsabta, amma tana taɓa yashi ta dakushe. Mai zagayayyar kusurwa ta fi jure busasshen itace da ɓawo mai ƙasa. Ka kuma rage tsawon ƙarfen da sarƙa ke zagayawa: injin cc 50 da ke nishi da inci 20, sa masa inci 16 ka ji yadda zai farfaɗo.

Giyar da ke jan sarƙa ba ta da dogon zance. Daga haƙora bakwai zuwa takwas gudun sarƙa zai ƙaru da kusan kashi 14 cikin ɗari, ƙarfin ja kuma ya ragu da kashi 12 da rabi. In injinka dama yana cijewa, ka ƙara masa wahala ne.

A cikin abubuwan da suka shafi injin kansa, salansa ce ta fi ba da riba a kan ɗan kuɗi. Kamfanoni suna matse ta saboda dokokin hayaƙi da na ƙara, sai zafi ya taru a silinda. Kana iya sayen murfi mai ƙofa biyu, ko ka faɗaɗa ramin da ke akwai. Inji zai fi saurin ɗauka, zai kuma fi sanyi. Sai dai sharaɗi ɗaya ne: dole a sake saita kafireto. Iska ta ƙaru, to mai ma sai ya ƙaru, kuma a injin da ake gauraya fetur da man inji, wannan man shi ne kaɗai ke shafe fistin. Ni da kaina na taɓa yin wannan gangancin. Na huda salansa, na ji inji yana kuka siriri kamar zai tashi sama, na ɗauka na ci riba. Ban gama tanki na biyu ba ya mutu a hannuna. Da na cire salansa na haska ciki, sai ga fistin duk zane-zane daga sama har ƙasa, ringi ya manne a raminsa. Garin neman gira na rasa ido. Wajen saita kafireto, sukurun jikinsa da aka rubuta wa H shi ake sassautawa kaɗan, har ka ji inji yana ɗan gargada idan ba ya cikin itace, ya kuma washe da zarar sarƙa ta ciza. In kana da na'urar auna juyi, yawancin injinan ƙwararru iyakarsu wajen 13,500 ce a minti, amma ka bi abin da littafin naka ya ce. Injinan da ke da na'urar lantarki ta M-Tronic ta kamfanin Stihl ko AutoTune ta kamfanin Husqvarna su ke daidaita man da kansu, sun rage wannan fargabar. Kada ka yar da ragar da ke tare tartsatsi a bakin salansa. A dazukan gwamnatin Amurka doka ce, kuma ko ba doka busasshiyar ciyawa ba ta da wasa. Garanti kuwa, da ka huda ya tafi.

Babbar silinda ta fi kyau a takarda. Husqvarna 372XP tana da silinda mai faɗin milimita 50, wato cc 70.7, in an sa mata ta 52 sai ta koma kusan 76.5. Stihl MS 660 daga 54 zuwa 56 tana tashi daga cc 91.6 zuwa kusan 98.5. Matsalar ita ce yawancin waɗannan silindu ba kamfanin asali ke yin su ba. An faɗaɗa tsakiya amma jikin waje yana nan yadda yake, don haka hanyoyin da ke kai mai sama sukan matse, shafen cikin ma wani lokaci ɓarewa yake. Ba abin mamaki ba ne ka sa babbar ka tarar ta asali ta fi ta yanka. Ni a ganina amfaninta ɗaya ne: tayar da tsohon injin da silindarsa ta riga ta lalace. Cire lafiyayya ta asali don a sa ta, asara ce. In za ka saya, sa yatsa ka shafa bakin kowace ƙofa. Inda ka ji kaifi, nan ringi zai maƙale.

Sassaƙar silinda ita ce gyaran gaske, ita ce kuma mafi tsada, domin gwanintar mutum kake saye. Mai aikin zai faɗaɗa ƙofar shigar mai da ta fitar hayaƙi, ya gyara lokacin buɗewarsu, ya sauke silinda don matsi ya ƙaru. Tazarar da ke tsakanin kan fistin da rufin silinda ana auna ta da wayar dalma da ake zurawa ta ramin fulogi, a juya inji ya matse ta, kuma akasari ana neman wajen rabin milimita. In ta yi ƙasa da haka sosai, fistin zai riƙa dukan rufi idan inji ya yi zafi. Wasu sukan cire gaskit ɗin gindi kawai su sa gam mai jure mai, wasu su ɗan goge makullin filawil don wuta ta riga lokacinta. Ƙarfen da aka sassaƙe dai ba ya dawowa, shi ya sa zaɓen mai aikin ya fi komai. Tambaye shi, na aiki zai yi maka ko na gasa? Na gasa juyi yake nema na 'yan daƙiƙu, kai kuwa ƙarfin ja kake so wanda zai kai ka yamma. Tambaye shi matsin da za a samu, da haɗin man da yake so, don da yawansu sukan ce a bar 50:1 na kamfani, wato kashi 50 na fetur ga kashi ɗaya na man inji, a koma 40:1. Ka kuma sa a ranka tanki zai riƙa ƙarewa da wuri, igiyar tayarwa za ta yi tauri.

Ba kowane inji ya cancanci wannan hidima ba. Ƙananan na aikin gida irin su Stihl MS 170 da MS 250, silindarsu haɗe take da rabin gidan kiranshaf, sauke ta aiki ne ja. Waɗannan a ba su sarƙa mai kyau, a buɗe salansa, a tsaya nan. Sassaƙa ta dace da na ƙwararru, masu jikin maganiziyam da ake kwance silindarsu da ƙusoshi huɗu.

Sai ka lissafa kafin ka aika injinka wurin mai sassaƙa. Stihl MS 261 tana ba da ƙarfin kilowat 3, babbarta MS 462 tana ba da 4.4 da nauyin kilo 6. Babu sassaƙar aiki da za ta cike wannan giɓin cikin kwanciyar hankali. In manyan gungumai ne aikinka kullum, sayi babban inji da garantinsa. Sassaƙa ta mai hawa bishiya ce, ko mai sassabe rassa tun safe, wanda kowane rabin kilo yake ji a kafaɗarsa. Shi ma ya duba tambarin wandon da ke kare ƙafarsa daga sarƙa: aji na ɗaya an gwada shi ne da sarƙa mai gudun mita 20 a daƙiƙa, na biyu 24, na uku 28, kuma injin da aka sassaƙa aka sa masa giya mai haƙora takwas yana iya wuce na farkon nesa ba kusa ba.