Maɗaba'ar fastocin siyasa a Sakkwato: inda ta ƙware da inda ɗan takara zai sa ido

Majalisar Dokokin Jihar Sakkwato kujeru 30 gare ta, ƙananan hukumomi kuwa 23, kuma duk mai neman ɗaya daga cikin kujerun nan sai ya bi ta hannun masu buga fosta. Maɗaba'ar da ake magana a kanta tana cikin birni, tana da babban injin Heidelberg, da ƙaramin injin da ke bugawa kai tsaye daga kwamfuta, da na fileks, wato manyan tallunan leda da ake ratayewa. Aikinta yana da kyau, amma sai ga wanda ya san abin da zai tambaya.

Ƙarfinta yana kan babban inji. Fosta mai launi huɗu faranti huɗu take ci (faranti shi ne fallen ƙarfe mai ɗauke da zanen launi ɗaya da ake ɗora wa inji), kuma kuɗin farantin ɗaya ne ko guda 200 za a buga ko 5,000, don haka in aikin bai kai rim ɗaya ba, wato takarda 500, su da kansu suke ba da shawarar a koma ƙaramin inji. Wannan gaskiya ce da ba kowane shago ke faɗa ba. Launukan suna hawa kan juna daidai, ba a ganin jan layi yana leƙowa a gefen hular ɗan takara, abin da ke ɓata fastoci da yawa a gari. Girman A2 suka fi bugawa, a takarda mai sheƙi mai nauyin giram 115 ko 135. Ta 115 ta fi kama bango idan aka shafa mata kwaɓin sitaci, ta 135 kuwa gefenta kan naɗe idan iskar hunturu ta busar da ita.

Inda suke da sakaci shi ne tsarin zanen. Takardar ƙuri'a a Nijeriya ba ta ɗauke da hoton ɗan takara, sunan jam'iyya da tambarinta kawai ke kai. Duk da haka masu zanensu sun saba cika fosta da fuska da babbar riga, su matse tambarin a lungu. Tsohuwar da ke Gwadabawa ko Tangaza za ta san fuskar, ta shiga rumfa ta rasa inda za ta dangwala. Mai ba da aikin ya nace tambarin ya ci aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na takardar, ba sa musu idan an faɗa.

Hoto ma abin lura ne. Wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto ya riga ya matse, a waya zai yi kyau, a A2 sai fuskar ta fashe. A kawo shi a filash, ko a tura shi a matsayin fayil. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ kuma sukan rikiɗe su zama akwatuna idan an sauya kwamfuta, sai an mayar da rubutun zane a manhajar CorelDraw kafin a fitar da faranti. Suna buga samfur guda kyauta, kada kowa ya biya cikon kuɗi bai karanta shi harafi-harafi ba.

Fileks ɗinsu yana da kauri, zoben ɗaurin ma ba ya tsinkewa da wuri. Sai dai ranar Maris da Afrilu a Sakkwato, da zafi ke wuce digiri 40, tana cinye ja da rawaya, don haka wanda ke fuskantar yamma zai koɗe kafin saura. Dokar Zaɓe ta 2022 ta buɗe kamfe kwana 150 kafin zaɓe, kuma babu fostar takarda da za ta kai ƙarshen wannan zango a bango. Gara a raba bugun gida biyu, a riƙe faranti, na biyun ya fito makonni uku kafin ranar. A ba da shi da wuri, domin ana gab da zaɓe layi yakan yi tsawo, kuma alƙawarin kwana biyu yakan koma biyar idan wuta ta yi wasa.

Sai kalandar ƙarshen shekara da 'yan majalisa ke rabawa a mazaɓa. Sashe na 192 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ce ɗan majalisar da aka naɗa kwamishina ya bar kujerarsa daga ranar da ya yi rantsuwa. Idan ana raɗe-raɗin naɗi, magoya baya su dakata da buga dubban kalandu masu cewa "Ɗan Majalisa mai wakiltar mazaɓa kaza". Shagon yana da dabara a nan: muƙamin a farantin baƙi kaɗai suke sa shi, in labari ya canja faranti ɗaya za a sake, ba huɗu ba.