Wata biyar da gilashin waya mai korar maiƙo

Sana'ata suyar cincin da samosa ce, kuma yawancin oda ta WhatsApp take shigowa, a lokacin da hannuna ke cikin mai. Gilashin kariya mai arha da na saba manna wa wayata, kafin azahar ya yi dabbare-dabbare da shatin yatsa. In na goga da gefen zani, maiƙon ƙara bajewa yake, har in kasa karanta adireshin mai saye.

Wata biyar ke nan da na sauya. Yaron shagon a kasuwar waya ta Farm Centre da ke Kano ya ce, "Hajiya, kawo wayar ki gani." Ya ɗiga ruwa a kan tsohon, ya baje. Ya ɗiga a kan sabon, ɗigon ya dunƙule yana gangarawa kamar raɓa a ganyen gwaza. Kuɗinsa ya kusa ninka na tsohon sau uku, amma na biya.

Ƙanena mai karatun kemistiri ne ya warware mini sirrin. Wani shafe ne siriri da ido ba ya gani, na sinadarai masu ɗauke da fulorin, dangin Teflon da aka gano a 1938, wanda ke hana ƙwai kama kasko. Fulorin in ya riƙe kabon, da wuya a raba su, ruwa da mai kuma ba sa samun wurin kamawa. Ya ce Apple ta fara sa irin wannan shafe a fuskar iPhone 3GS tun 2009.

Watanni ukun farko na ji daɗinsa ƙwarai. Yatsa na sulɓi, shafa ɗaya da ƙyalle fuskar ta yi tas, hotunan kayana suna fitowa da kalarsu ko a hasken tsakar gida.

Inda ya gaza shi ne ƙarko. Yanzu ƙasan gilashin, daidai inda babban yatsana ke rubutu, ya fara riƙe maiƙo, sama kuwa na nan garau. Da laifina, don na sha goge shi da ruwan omo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne da ƙanena ya ce irin waɗannan sinadarai ba sa saurin ruɓewa a ƙasa, shi ya sa in wannan gilashin ya tsufa ba zan jefa shi a wutar shara ba.

Zan sake saye. Mai suya ko bakanike, ku gwada ɗigon ruwan tun a shago kafin a manna muku.