Tessar ko Symmar: wanne za ka ɗauka?

In ka ci sa'a a tsohon shagon hoto a Garwa ko Marwa, cikin tarkacen manyan kyamarori masu fim inci 4x5, ka ga waɗannan gilasan kyamara biyu, Tessar da Symmar, fara karanta rubutun da ke bakin zoben gabansu.

Tessar ƙirar Paul Rudolph ce ta kamfanin Zeiss, tun 1902. Gilashi huɗu kacal, tsakiyar hoto tar, amma da'irar haskensa ba ta da faɗi. Ka ɗaga gaban kyamara don ɗaukar dogon masallaci, sai kusurwoyi su yi duhu.

Symmar na kamfanin Schneider gilashi shida ne, ya fi shi yalwa. Tsohon samfurin Symmar yana da lamba biyu na nisan hangensa a milimita, kamar 150 da 265: kwance rabin gaba, ya koma mai hangen nesa, sai dai kaifi ya ragu. Fararen ɗigon da ke fitowa a baƙin fentin gefensa kada su tsorata ka, da wuya su taɓa hoto.

Abin dubawa a ƙasarmu shi ne zafi, mai raba gilasan da aka manne da ƙaro. Haska tocila ciki. Launin bakan gizo a gefe alamar rabuwa ce. Don hoton fuska Tessar ya ishe ni, gine-gine kuwa sai Symmar.