Bas ɗin kyauta na Richmond: na ba shi tauraro huɗu, ɗayan na riƙe

Masu shirin zuwa karatu ko aiki Richmond ta jihar Virginia kullum tambayarsu ɗaya ce, wai mutum zai iya rayuwa a garin nan babu mota? Amsa ita ce eh, amma ya danganta da inda ka kama haya da inda kake aiki, kuma wallahi a garin nan waɗannan biyun suna da alaƙa da launin fata fiye da yadda za ka zata.

Kamfanin bas ɗin sunansa GRTC. Tun watan Maris na 2020 lokacin korona suka daina karɓar kuɗi, da can dala ɗaya da rabi ne, yanzu kuwa ba kati ba tikiti ba kwandasta, ka shiga ka zauna kawai. Garuruwa da yawa a Amurka sun yi haka lokacin annoba suka koma karɓar kuɗi daga baya, su Richmond suka ci gaba, kuma fasinja sun ƙaru har sun wuce na kafin korona. Sai dai ba doka ce ta har abada ba, lokaci lokaci ake nemo kuɗin a sabunta, don haka kar ka gina lissafin shekara huɗu a kai.

Wanda ya fi burge ni shi ne Pulse, layin da aka buɗe a Yunin 2018, wajen kilomita 12 daga Willow Lawn ta yamma zuwa Rocketts Landing bakin kogin James ta gabas, yawancinsa a kan titin Broad. A wasu wurare yana da hanyarsa shi kaɗai, motoci na cunkoso shi yana wucewa abinsa. Da rana duk minti 10 zuwa 15 wani zai zo, ba ka buƙatar duba jadawali ma. Dandamalin tashar daidai yake da ƙofar bas, mai keken guragu da mai turin jariri suna shiga ba wahala, akwai rumfa, akwai allo mai nuna minti nawa ya rage, a cikin bas kuma ga AC lokacin zafi ga hita lokacin sanyi. Ɗalibin jami'ar Virginia Commonwealth (VCU) da ya samu ɗaki kusa da Broad gaskiya ba shi da matsala ko kaɗan, makaranta, asibiti, kanti, duk a layi ɗaya suke.

To amma zauna kusa da taga ka kalli garin. Ta wajen Scott's Addition tsofaffin sito sito ne aka mayar wuraren shan giya da gidajen haya masu tsada, matasa Turawa da karnukansu, gini ko ta ina. Kuɗi ya shigo garin nan ba ƙarya, ga manyan kamfanoni irin su Dominion da Altria, ga dogon benen da kamfanin CoStar ya tayar a bakin kogi. Ka sauka a tashar Arts District za ka ga mutum-mutumin Maggie Walker, baƙar fatar da ta kafa banki a 1903, St. Luke Penny Savings Bank, mace baƙar fata ta farko da ta yi hakan a Amurka. Bayan nan Jackson Ward ce, unguwar da baƙaƙe suka gina kasuwancinsu lokacin da doka ta raba su da Turawa, bankuna, kamfanonin inshora, gidajen rawa. A shekarun 1950 aka zo aka ratsa babbar hanya ta tsakiyarta, wadda yanzu ita ce I-95, aka rushe ɗaruruwan gidaje. Cocin Sixth Mount Zion ne ya tsira, har yau za ka ga hanyar ta ɗan karkace ta kauce masa. Tsallaken hanyar kuma Gilpin Court ce, gidajen gwamnati na marasa ƙarfi, an datse su daga sauran unguwar. Masu bincike na VCU sun taɓa fitar da taswira da ta nuna wanda aka haifa a Gilpin ana sa ran ya yi shekara 63 a duniya, na unguwar Westover Hills kuma 83. Gari ɗaya fa, tafiyar 'yan mintuna a mota, shekara 20 tsakani.

Nan ne tauraro na biyar ya maƙale. Pulse gabas da yamma yake tafiya, alhali talakawan garin da yawa suna Southside tsallaken kogi wajen titin Hull, baƙaƙe da 'yan Latin Amurka, wasu kuma Northside da East End. Su bas na gama gari suke hawa, shi ma kyauta ne, amma wani layin duk minti 15, wani rabin awa, wani sai awa guda, da dare da ranar Lahadi abin ya ƙara ja. Kuma mafi yawan tashoshin nan ƙarfe ne kawai da alama a sama, ba rumfa ba benci, kamfanin da kansa ya san da haka yana ta ƙara su a hankali. Zafin Yuli a Richmond mai gumi ne, kuma an auna an gani unguwannin da aka ja wa jan layi a taswirar bashin gida ta shekarun 1930, wato unguwannin baƙaƙe da aka ce kar banki ya ba su rance, su ne suka fi zafi yau saboda ba bishiyoyi sai kwalta da siminti.

Babbar matsalar ma ba ta direba ba ce ko ta bas, ta iyaka ce. A Virginia birni daban yake da ƙananan hukumomin da ke kewaye da shi, kowa da harajinsa da makarantunsa. Richmond mutum dubu 226 ne a ƙidayar 2020, amma yankin gaba ɗaya ya haura miliyan ɗaya, kuma ayyuka da yawa suna waje: manyan kantunan Short Pump a Henrico, kamfanonin Capital One da CarMax a Goochland, sito na Amazon a Chesterfield, can ne kuma kamfanin kayan wasan yara LEGO ya sanar a 2022 zai zuba sama da dala biliyan ɗaya ya gina masana'anta. Shekara da shekaru bas yana zuwa bakin iyakar birni ya juyo. Sai 2018 ya fara kaiwa Short Pump, Chesterfield kuwa da take da rabin kamfanin ita ce ta fi jan ƙafa wajen barin bas ya shiga cikinta, sai 'yan shekarun nan aka fara miƙa wasu layuka. An ba ka tuwo kyauta, miyar tana gidan maƙwabta kuma sun saka sakata. Tarihin iyakar ma da launi a ciki, a 1970 birnin ya haɗiye wani yanki na Chesterfield mai mutum wajen dubu 47 yawancinsu Turawa don kar baƙaƙe su rinjayi ƙuri'a, aka tafi kotu, ba a sake zaɓen kansiloli ba sai 1977, a shekarar Henry Marsh ya zama baƙar fata na farko da ya riƙe magajin gari. Bayan nan jiha ta toshe wa birnin hanyar faɗaɗa.

Wata magana kuma ga 'yan uwana 'yan Afirka, don ina yawan jin ta a wajen walima, wai baƙaƙen Amurka ragwaye ne ba sa son aiki. Don Allah mai faɗin haka ya hau bas ɗin asuba sau ɗaya. Cike yake da mata masu kayan asibiti, masu shara a ofisoshi, masu gadi, masu aikin kicin, wata ta ajiye yaro a wajen raino za ta canza bas biyu kafin ta isa aikin da mai mota zai kai cikin minti 20. Ta makara sau biyu uku a sallame ta, haya ta taru, mai gida ya kai ta kotu. A alƙaluman 2016 Richmond ce ta biyu a manyan biranen Amurka wajen korar 'yan haya, sama da kashi 11 cikin ɗari a shekara. Mu mun sauka da biza da digiri da ɗan uwa mai ara mana mota, ba daga wuri ɗaya muka fara tseren ba.

Direbobi dai yawanci masu kirki ne, ana gaisawa, fasinja na ce musu na gode in za su sauka. Za ka haɗu da marasa matsuguni suna fakewa sanyi a ciki, wasu na ƙorafi a kan haka, ni ban ga abin tashin hankali ba. Tun 2023 akwai wani tsari LINK, ƙaramar mota ce kake kira ta waya a wasu yankunan gefe, ana kuma shirin Pulse na biyu daga arewa zuwa kudu da zai tsallaka kogi, amma wannan har yanzu a takarda yake.

In kana neman ɗaki kar ka yarda da "kusa da bas" da dillali zai rubuta. Tambayi lambar layin, ka duba a waya duk minti nawa yake zuwa, ƙarfe nawa na ƙarshe yake tashi, da yadda yake ranar Lahadi. In aikinka na dare ne ko yana can cikin Chesterfield ko Goochland, fara tara kuɗin mota tun watan farko.